Sake a Saijo: abin da mai sha zai zaɓa, da abin da wanda ba ya sha zai kiyaye

Wani ɗalibi da ya fara digiri na biyu a Jami'ar Hiroshima ne ya aiko da tambayar. Ya ce su biyu ne 'yan Najeriya a sashensu. Shi Musulmi ne, ba ya shan giya, abokinsa kuwa Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana ɗan taɓawa. An gayyace su liyafar maraba, kuma duk inda suka juya a garin maganar sake, giyar shinkafa ta Japan, ake yi. Abokin yana son sanin wacce zai fara da ita da irin abincin da take tafiya da shi. Shi kuma yana son sanin yadda zai zauna a wurin ba tare da ta shiga cikinsa ba.

Ƙanena, sannu da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba mamaki maganar ta cika muku kunne, don a tsakiyar gidanta kuka sauka. Babbar harabar jami'arku a Higashi-Hiroshima take, kuma tsakiyar wannan birni shi ne Saijo, ɗaya daga cikin garuruwa uku da aka fi sani da sake a Japan, tare da Nada da ke yankin Kobe da Fushimi da ke Kyoto. In ka fito daga tashar jirgin ƙasa ka ɗan taka kaɗan, za ka ga dogayen bututun hayaƙi na jan bulo a bayan fararen katangu. Gidajen yin sake ne guda bakwai a jere, cikinsu har da Kamotsuru, Hakubotan, Kamoizumi da Kirei. Cibiyar binciken harkar giya ta gwamnatin ƙasar ma a birnin take, kuma duk watan Oktoba ana yin bikin sake na kwana biyu wanda ke cika garin maƙil. Ni ma ba na sha, amma aikina na kimiyyar abinci a kan koji yake, wato tsimammiyar shinkafar da ake yin sake da ita, don haka na daɗe ina shiga irin waɗannan gidaje. Abin da zan faɗa kan ɗanɗano daga bakin masu sana'ar ne da ma'aunin ɗakin gwaji da kuma hancina.

Mu fara da abin da bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. Sake giya ce, mai sa maye. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 15 zuwa 16 cikin 100, wato wajen ninki uku na giyar kwalba da aka saba gani a Najeriya, kuma wadda ba a sirka da ruwa ba, mai suna genshu, takan kusa kashi 20. Tana da laushi a baki, shi ya sa take yaudarar baƙo. Sannan a bakin Japanawa kalmar sake tana nufin kowace irin giya. Wadda ake yi da shinkafa nihonshu suke ce mata, a jikin kwalba kuma za a rubuta seishu.

Abokinka zai fi saurin gane yadda ake yin ta in ya tuna burukutu. Hatsi ba ya zama giya sai sitacinsa ya fara zama sukari. Masu burukutu suna jiƙa dawa su bar ta ta tsira, tsiron ne yake narkar da sitacin. Japanawa ba sa barin shinkafa ta tsira. Turara ta suke yi, su shimfiɗa ta a wani ɗaki mai ɗumi da aka lulluɓe da katako, su barbaɗa mata ƙwayoyin wata funfuna mai amfani, su yi ta juya ta da hannu har kimanin kwana biyu. Abin da ya fito shi ne koji: shinkafa ce fara sol kamar an yayyafa mata gari, mai ɗan zaƙi in ka tauna, mai ƙamshin gasasshen abu. Ranar da na fara shiga irin wannan ɗaki, tambayar farko da aka yi mini a bakin ƙofa ita ce ko na ci natto da safe. Natto waken suya ne da aka tsimar, ɗan'uwan daddawarmu ne na jini, ƙwayar halitta iri ɗaya ce take yin su, kuma in ta shiga ɗakin koji ta ɓata aikin ke nan. Ma'aikatan kan haƙura da cin sa duk tsawon lokacin aiki, wato watannin sanyi. Daga nan sai a haɗa koji da ruwa da yis da ƙarin turarriyar shinkafa a babbar randa. Koji yana ta sakin sukari, yis yana ta mai da shi barasa, duk a lokaci guda, har tsawon sati uku zuwa biyar. Wannan tafiya tare ce take sa barasar ta hau haka ba tare da an tace ta da wuta ba. Koji ɗin nan shi ne kuma uban shoyu (baƙin ruwan girki na waken suya) da miso (kwaɓin waken suya mai gishiri) da mirin (giyar girki mai zaƙi), kuma saboda fasahar sarrafa shi ne hukumar UNESCO ta saka sana'ar yin sake cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disambar 2024.

Sunayen da ke jikin kwalba galibi labarin surfe suke bayarwa. Bayan ƙwayar shinkafa yana ɗauke da mai da furotin, cikinta kuwa sitaci ne zalla, don haka ake goge ta da inji a rage bayan. Lambar da aka rubuta ita ce abin da ya rage. In ya rage kashi 70 ko ƙasa, an kuma ƙara 'yar barasa kaɗan, honjozo ke nan. Kashi 60 ko ƙasa ginjo, kashi 50 ko ƙasa daiginjo. Kalmar junmai kuma tana nufin ba a ƙara barasa daga waje ba, shinkafa ce da koji da ruwa kawai. Akwai wata lamba mai alamar ƙari ko ragi, nihonshudo: in ta yi sama sake ɗin ba ta da zaƙi sosai, in ta yi ƙasa da sifili tana da zaƙi.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar mafi tsada a matsayin mafi dacewa da abinci. Daiginjo ƙamshi ne da ita, irin na tuffa da kankana da ayaba, kuma abinci mai nauyi yana binne wannan ƙamshi nan take. In abokinka yana son jin ta, ya sha da sanyi, wajen digiri 10, da ɗanyen farin kifi, ko tofu, wato awara, mai sanyi, ko kifin da aka turara da gishiri kawai. Dassai 45, wadda ake yi a Iwakuni da ke lardin Yamaguchi maƙwabcinku, ta isa misali, kuma lambar 45 ɗin nan ma'aunin surfen ne. Ta garinku kuwa ita ce daiginjo ɗin Kamotsuru mai 'yan ɓarɓashin zinare siffar fure a ciki, wadda firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya zuba wa Barack Obama a gidan sushi na Sukiyabashi Jiro a Tokyo a watan Afrilun 2014. Za ku ji wannan labari sau da yawa a Saijo.

Amma da ni zan zaɓar masa, da junmai zai fara, ta gida, mai matsakaicin farashi. Ita ce ta abinci. Tana da jiki, tana da ɗan tsami, kuma tana ɗauke da sinadaran da ke ba da ɗanɗanon da Japanawa ke kira umami, wannan gamsasshen daɗi da daddawa ko busasshen kifi ke sa wa miya. Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908, daga nan aka samu farin magin da ke kowane kicin namu. Saboda wannan ne junmai take zama lafiya da gasasshen kifi, da tsiren kaza, da duk abin da aka dafa da shoyu ko miso. Ta Kamoizumi launinta ya ɗan yi ruwan zuma, kuma tana buɗewa in an ɗumama ta zuwa wajen digiri 40, abin da ake kira nurukan. Kirei ta fi sauran na garin rashin zaƙi, tana wanke maiƙon soyayyen abu kamar tempura. Hakubotan ta fi karkata ga zaƙi. Galibin sake ɗin Hiroshima tana da taushi da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma ruwa ne sanadi. Ruwan yankin ba shi da yawan ma'adinai kamar na Nada, yis ba ya saurin aiki a cikinsa, har sai da Miura Senzaburo, mutumin garin Akitsu da ke kusa da ku, ya fito da hanyar tsimawa a hankali cikin sanyi a ƙarshen ƙarni na 19.

Lokacin sanyi kada ya bari kaki ya wuce shi, wato naman ruwan nan mai ɓawo biyu wanda Hiroshima ta fi kowane lardi nomansa. A nan ne sake take nuna fifikonta a kan giyar inabi. Giyar inabi takan ɗauki ɗan sinadarin ƙarfe wanda ke tayar da ƙarnin kifi a baki, masu sake kuwa gudun ƙarfe suke yi a ruwansu saboda yana ɓata mata launi, don haka ita kwantar da ƙarni take yi. In kuma nama ne mai maiƙo ko dahuwa mai nauyi, ya nemi wadda aka rubuta wa kimoto ko yamahai, tsohuwar hanya ce mai ba da ƙarin tsami da kauri. Daishichi ta Fukushima da Tengumai ta Ishikawa sun yi suna a nan. Ranar da kuka yi farfesu ko dafa-duka mai barkono a ɗaki, duk waɗannan ba za su yi ba, barasa tana ƙara wa yaji zafi. Nigori ce ta wannan rana, farar nan mai kauri da ba a tace sosai ba, da sanyi, zaƙinta yana sassauta raɗaɗin barkono.

Kada ya sayi babbar kwalba tukuna. Ya nemi nomikurabe, ƙananan kofuna uku iri daban-daban. Ma'aunin da ake kawowa a tebur, ichigo, mililita 180 ne, kuma barasarsa ta kai ta giyar kwalba rabin lita. Ya riƙa kurɓar ruwa a tsakani, ya kuma bar kekensa a gida. Tun watan Nuwamban 2024 dokar Japan ta tsananta kan tuƙa keke bayan an sha, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara uku ko tarar yen 500,000, kuma ɗalibi baƙo ba ya son irin wannan a takardunsa.

Yanzu kai. Kofin da ke gabanka shi ne mafi sauƙin al'amarin. Tun kafin ranar ka gaya wa wanda ya shirya liyafar cewa ba ka sha saboda addini, "shukyo-jo no riyu de osake wa nomemasen". Ba wanda zai ga baƙon abu, don Japanawa da yawa jikinsu ba ya ɗaukar barasa tun haihuwa, har suna da sunan da suke kiran irinsu, geko. In an zo ɗaga kofi a ce kanpai, shayin uron mai sanyi shi ne abin da marasa sha suka saba riƙewa. Sai dai ka buɗe baki sosai wajen oda, ka kuma shinshina kafin ka kurɓa. Uron-cha shayi ne zalla, uron-hai kuwa shayin ne da aka zuba wa barasar shochu, launinsu ɗaya, kofinsu kusan ɗaya, kuma a tire ɗaya ake kawo su cikin hayaniya. Na taɓa ganin an ajiye wa wata ɗaliba 'yar Indonesiya na biyun a gabanta, warin ne kawai ya tsayar da hannunta a rabin hanya.

Inda aikin yake shi ne cikin kwano. A girkin Japan sake da mirin kamar albasa da magi suke a namu, ba a ma ɗaukar su abin faɗa. In ka tambayi mai kawo abinci ko akwai giya a ciki, da zuciya ɗaya zai ce babu, don shi abin sha ya fahimta. Sai ka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya: mirin, ryorishu. Mirin na asali giyar shinkafa ce mai zaƙi da barasa wajen kashi 14, ita ce take ba teriyaki ƙyallinsa. Ryorishu sake ce ta girki da aka sa wa gishiri. Su biyun suna cikin romon sukiyaki, da miyar da ake shafa wa gasasshen kifin anago na Miyajima, da dafaffen kayan lambu na nimono, da romon taliyar udon da soba, sau da yawa har da naɗaɗɗen ƙwai. Za a ce maka wuta ta ƙone barasar. Tana raguwa, gaskiya ne, amma ba ta gudu da wuri kamar yadda ake zato: alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana tafasawa kimanin kashi 40 na barasar da aka zuba yana nan, sai bayan awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5.

Akwai waɗanda za ka bari gaba ɗaya ba sai ka tambaya ba. Na farko bishu-nabe, abincin alfaharin Saijo, wanda ake dafa naman alade da kaza da ganye a cikin sake tsagwaronta. Sai sakamushi, wanda sunansa ma yana nufin turarawa da sake. Sai duk abin da aka yi da sake-kasu, wato farar diddigar da ke saura bayan an matse sake, wadda ke riƙe da barasa wajen kashi 8: miyar kasujiru, kifin kasuzuke, da narazuke, wani jiƙaƙƙen kayan lambu ruwan ƙasa da ke iya juya kan wanda bai saba ba. A kanti kuma ka koyi gane rubutu huɗu a bayan leda: 酒 sake, みりん mirin, 酒粕 diddigar sake, da 酒精 barasar da ake ƙarawa don kada abu ya lalace, wadda za ka gani a miso da shoyu da burodi da ɗanyar taliya. Shoyu kansa yakan samar da 'yar barasa yayin tsimuwa ko ba a ƙara masa ba. Hukumomin ba da shaidar halal sun sha bamban kan wannan, don haka hukuncinsa ka kai wa malaminka. Akwai shoyu da miso masu tambarin halal ana sayarwa, don girkin ɗaki su ne hutu.

Abin da zai rage maka a tebur ba kaɗan ba ne. Akwai edamame, ɗanyen waken suya da aka dafa da gishiri. Akwai sashimi, wato yankakken ɗanyen kifi, da tofu, da farar shinkafa, da gasasshen kifi na gishiri, shioyaki, in ka roƙa kada a yayyafa masa sake. Duk inda aka ce ka zaɓa tsakanin shio da tare, ka ce shio, gishiri ke nan, don tare miyar mirin ce. Kuma dabarar haɗa abin sha da abinci da na faɗa wa abokinka tana aiki da shayi. Sencha, koren shayi mai ɗan bauri, shi ne na ɗanyen kifi, shi ya sa gidajen sushi ke ba da koren shayi mai zafi da yankakkiyar citta a tsakanin loma. Hojicha gasasshen ganye ne, yana tafiya da gashi da suya. Ruwan soda da aka matsa wa lemon tsami na tsibiran Hiroshima yana yi wa kaki da tempura aikin da sake marar zaƙi take yi.

In kana son sanin daɗin koji da ake ta yabo ba tare da ka kusanci maye ba, amazake za ka nema, amma ka kula, iri biyu ne masu suna ɗaya. Akwai wanda ake dama diddigar sake da ruwa da sukari, wannan yana da ragowar barasa. Dokar Japan ba ta ɗaukar abin da bai kai kashi 1 ba a matsayin giya, don haka za ka same shi a jere da lemon kwalba, kamar na jan gwangwanin Morinaga. Ɗaya kuma shinkafa ce da koji kawai, ba yis, ba barasa, ba a ma sa masa sukari. Shi za ka nema, mai rubutun 米麹 da alamar barasa sifili. Marukome suna yin sa, Hakkaisan ma suna yi. Wanda ake rabawa da zafi a wuraren bikin sabuwar shekara kuwa sai ka tambaya wanne ne.

Kurɓar farko za ta kai ka gida, don dabararsa ɗaya da ta kunun zaƙin da iyayenmu mata ke sa wa dankali ko tsiron hatsi su bar shi ya kwana, zaƙin ya fito daga jikin hatsin. Kuma yin sa a ɗaki ba wuya. Ka sayi busasshen koji a babban kanti, yawanci kusa da tofu yake a firji. Ka dafa shinkafa ta yi ruwa-ruwa kamar fate, ka bar ta ta huce zuwa digiri 60, ka murmushe koji a ciki kimanin yawan ɗanyar shinkafar da ka dafa, ka juya. Ka bar ta a tukunyar lantarki a kan maɓallin ɗumi, murfin a buɗe, ka rufa tsumma mai tsabta, har awa takwas, kana juyawa lokaci-lokaci. Ma'aunin zafi na girki ya zama dole, don zafin ya tsaya tsakanin 55 da 60. In ya haura 70 sinadaran koji sun mutu, zaƙi ba zai fito ba, in ya yi ƙasa sosai kuma tsami zai shiga. Da ya yi, ka ɗan tafasa shi ka sa a firji, kada ka bar shi a waje ya kwana biyu, don yis na iska zai iya samun sa ya fara aikinsa. Ka sirka da ruwa ko madara, ka goga 'yar citta a kai. Da sanyin Janairu a sha shi da zafi, da zafin Agusta kuma da ƙanƙara, don a ƙarnonin baya ma akan yi tallarsa lokacin bazara a titunan Edo, tsohon sunan Tokyo.